Itacen Wanka Ba Ya Isa Tanadin Haihuwa

A Banga da sauran ƙauyukan Ƙaura Namoda, da zarar ciki ya tsufa sai a mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Miji kuwa ya shiga tara itacen wankan jego, da gero da kanwar kunu, da ragon suna. Abin da ba a cika tanada ba shi ne kuɗin motar zuwa asibiti.

A 1978 likitoci Davidson da Parry na Jami'ar Ahmadu Bello suka ba da rahoton ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Daga baya likitocin Kano sun fi ɗora laifin a kan rama da hawan jinin mai ciki. Ko ma wanne ne, gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta raunana kuwa ba ta jure wannan.

Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta kwanta, sau da yawa akan ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Ga kunyar haihuwar fari ta hana ta magana. Lalle wannan a kai ta Babban Asibitin Ƙaura tun da rana, don hanyoyin Shinkafi da Zurmi ba su biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Nauyin nan yana wuyan miji, shi da ya sayi itacen.