Tanderun burodi a bayan gida: a koya wa magina aiki kafin a yi maganar hani

A unguwannin Maradi, Damagaram da Tahoua, ba baƙon abu ba ne a ga hayaƙi na tashi daga bayan gida tun kafin kiran asalatu. Wani ne ya gina tanderun tubali yana gasa burodi ko gato, yara na kai wa masu shayi da shaguna. Sana'a ce mai rufin asiri, kuma jarinta bai kai na injin gashi mai aiki da lantarki ba, wanda ko an saye shi sai an yi fama da ɗaukewar wuta.

Sai dai duk lokacin da maganar sare itatuwa ta taso, masu tanderu na cikin waɗanda ake fara nunawa da yatsa, har wasu na cewa a hana su baki ɗaya su koma ga gas, tunda matatar SORAZ ta Damagaram tana samar da shi tun 2011. Damuwar tana da tushe. Dajin Baban Rafi da ke kudancin Maradi ya daɗe yana ciyar da murhunan birni, kuma manoman da suka raya gawo a gonakinsu tun shekarun 1980 ba don a ƙone shi a banza suka yi ba. Amma hani ba zai kashe tanderu ba, zai tura shi ɓoye ne kawai, inda babu mai duba abin da ake cusa masa.

Abin da ya kamata a duba shi ne ginin kansa. Tanderu ba da harshen wuta yake gashi ba. Ana hura wuta a cikinsa na wasu awoyi, tubali ya sha zafi, a kwashe garwashi, a share, sannan a shigar da ƙullu. Zafin da tubalin ya riƙe shi ke gasa burodi. Don haka duk tanderun da zafi ke tserewa ta bangonsa ko ta ƙasansa, itace yake ci ba gaira ba dalili, kuma daga aljihun mai shi kuɗin ke fita.

Da yawa magina na gina shi kamar ɗakin kwana: bulon siminti, a shafe da siminti. Siminti kuwa ba ya jure wuta, yakan tsage, zafi ya bi ta tsagar. Tubalin da aka gasa, a haɗa shi da laka, shi ne daidai. A bayan kubbar ana son rufi mai kauri na laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi ko toka, haka ma a ƙarƙashin daɓen, don kada ƙasa ta shanye zafin. Ƙofa ma tana da ƙa'ida: tsayinta kusan kashi biyu cikin uku na tsayin kubbar daga ciki. In ta fi haka zafi ya gudu, in ta gaza wuta ta shaƙe ta koma hayaƙi. Sabon tanderu kuma ana busar da shi ne da ƙaramar wuta na kwanaki. Mai gaggawa shi ke fasa nasa a ranar farko.

Wanda ya samu irin wannan gini, hurawa ɗaya za ta ba shi burodi, bayansa gato, in zafi ya sauka kuma a soya gyaɗa.

Nan ne aikin magadan gari da jami'an gandun daji yake. Horar da magina kaɗan a kowace unguwa bai kai tsadar sintirin kama masu itace ba, kuma cibiyoyin koyon sana'a suna nan. Inda ya kamata hukuma ta tsaurara shi ne kan masu hura tanderu da tsofaffin tayoyi, leda ko baƙin mai, domin wannan guba ce ga mai ci da maƙwabci. Haka kuma a wajabta bututun hayaƙi da ya wuce tsayin katanga, a kuma hana gina tanderu jikin zana ko rumfar kara, musamman ganin yadda gobara ke yawaita in iskar hunturu ta kama.