Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Natsuwar Ɗalibi Ita Ce Tushen Ƙwazonsa

Duk wanda ya lura da yadda makarantu masu zaman kansu suke neman ɗalibai a garuruwa irin su Gummi da Anka da Bukkuyum, zai ga abu guda ake kafa hujja da shi, wato yawan waɗanda suka ci jarrabawar WAEC ko NECO. Iyaye ma abin da suke tambaya ke nan kafin su biya kuɗin zango. Da wuya ka ji uba ya tambaya ko yara suna shiga aji da fara'a ne ko da fargaba. A ganin mutane da dama, makarantar da bulala ta fi yawa ita ce ta ƙwarai, wadda kuwa ake jin dariyar yara a cikinta wurin shagwaɓa ce. Ni a nawa ra'ayi, farin cikin yaro da ƙwazonsa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma ilimin kimiyya ya goyi bayan haka.

Idan yaro ya tsorata, jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke shirya shi domin gudu ko kare kai. Wannan abu ne mai amfani ga wanda ya ci karo da maciji. Amma idan tsoron ya zama na kullum, yawan sinadarin yakan raunana aikin wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, wanda shi ke taimakawa wajen adana sabon abin da aka koya. Shi ya sa ɗalibi zai haddace jadawalin sau da dare, amma da malam ya ɗaga bulala sai kansa ya ɗaure, ya kasa faɗin bakwai sau takwas.

A shekarar 2011, Joseph Durlak da abokan aikinsa a Amurka sun tattara sakamakon shirye-shirye 213 da aka gudanar a makarantu, waɗanda suka shafi ɗalibai fiye da 270,000, inda aka koya wa yara sarrafa fushi da zama lafiya da juna. Sai aka tarar ba halayensu kaɗai suka gyaru ba, har sakamakon karatunsu ya fi na takwarorinsu da ba su sami wannan horo ba.

Wannan batu ya fi shafar yankinmu fiye da wurare da yawa, saboda dalilai biyu. Na farko shi ne gubar dalma. A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu, garin Bagega kuwa sai a 2013 aka yi aikin tsabtace shi. Waɗanda suka tsira tuni sun kai shekarun sakandare, wasu ma sun wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ta haɗa da raunin mayar da hankali da jinkirin fahimta. To, malam, idan ka doki irin wannan ɗalibi don ya kasa gane darasi da wuri, laifin me ka hukunta?

Dalili na biyu shi ne rashin tsaro. Bayan sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, da kuma sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba na shekarar, gwamnati ta rufe makarantun jihar Zamfara. Yaron da ya tashi cikin irin waɗannan labarai, ko aka raba shi da ƙauyensu, ya riga ya zo aji da kayan tsoro a kansa. Bai kamata makaranta ta ƙara masa wani ba.

Mai karatu zai iya cewa, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Tun a 1908 masana biyu, Yerkes da Dodson, suka nuna ta hanyar gwaji da ɓeraye cewa matsi matsakaici yana taimaka wa koyo, amma idan ya yi tsanani sai ya ɓata shi, musamman a aiki mai wuya. Saboda haka ba cewa nake yi a bar yara sakaka ba. A ba su aiki mai nauyi, a tsare lokaci, a hukunta mai laifi da adalci, amma ɗalibi ya tabbata idan ya yi kuskure a allo gyara zai samu, ba wulaƙanci ba.

Abin farin ciki, gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Da farko a kula da barci, domin a lokacinsa ne ƙwaƙwalwa take ƙarfafa abin da aka koya da rana; masana sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. Ɗalibin da ya hana idonsa barci don jarrabawa yana zuba ruwa ne a kwando. Sai abinci: ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi, don haka koko da ƙosai da safe ma wani ɓangare ne na darasi. Sannan kada a mayar da lokacin tara ya zama na ƙarin darasi. Langa da carafke suna motsa jini, dara tana koyar da lissafi da hangen nesa, kacici-kacici kuma yana wasa ƙwaƙwalwa. Ko Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta isar da ilimi ga mata ta hannun jajoji, domin abin da ya shiga da daɗi ya fi zama a zuciya.

Ina kira ga masu makarantu da su riƙa auna kansu da ma'auni biyu: nawa suka ci jarrabawa, kuma nawa ne suke ɗokin gari ya waye su zo makaranta. Ku kuma ɗalibai, ku daina yi wa wanda ya kasa ba da amsa dariya, domin natsuwar aji amana ce a hannun kowa. Allah Ya sa mu dace.