Sakar wa Kasuwar Magani Mara

Masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara, wato barin ciniki ba katsalandan ɗin hukuma, irin su Milton Friedman na Amurka, suna ganin tsauraran dokoki suna tsadar da magani, kuma macucin ɗan kasuwa da kansa zai kori masu saye. Hujjar tana da nauyi a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, inda kemis ya fi asibiti kusa. Sai dai uwar da aka ƙirga wa ƙwayoyi a ƙullin leda ba ta iya bambance na gaske da jabu, kuma gurɓataccen ɗan tsamin da ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano a 2021 ya gama ɓarnarsa kafin masu saye su farga, har sai da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta gano tushen gubar.