Jiƙa hatsi da sauti: Wa zai amfana a Samaru da Sabon Gari?

Duk mai sana'ar awara ko ƙosai a Sabon Garin Zariya ta san cewa aikin gobe daga daren yau yake farawa. Sai an zuba wake a ruwa, an jira shi ya sha, kafin a nufi wurin mai injin markaɗe. Wannan jiran ne masana kimiyyar abinci ke neman gajartawa, ta hanyar amfani da irin sautin nan da ake yi wa mata masu juna biyu sikanin da shi a asibiti.

Sauti ne da ke kaɗawa fiye da sau 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ya wuce jin kunnen ɗan Adam. Idan aka sake shi a cikin ruwa, yakan haifar da ƙananan kumfa masu fashewa nan take, yana kuma matsa ƙwayar hatsi yana saki kamar soso. Ta haka ruwa ke samun ƙofofin ratsa ƙwayar da wuri. A 2015 masu bincike a Jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Brazil sun wallafa sakamakon gwajinsu a kan dawa, inda suka ga lokacin jiƙo ya ragu ainun. Sai dai a ƙananan kwanonin ɗakin gwaji aka yi aikin, alhali a nan da buhu ake lissafi.

Batun ya shafi Samaru kai tsaye. Tun 1922 ake binciken noma a can, kuma daga cibiyar IAR, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin dawa na SAMSORG da na wake na SAMPEA suka fito. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt sun koma wa dawa, kuma kaurar Samaru mai suna SK 5912 na cikin waɗanda suka rufa musu asiri. Matakin farko na yin tsiro kuwa jiƙo ne na kwana ɗaya zuwa biyu. A masana'anta irin wannan, da ta masu gumin shinkafa, kowace sa'a da aka rage kuɗi ce.

Amma ba kowane jiƙo ne ake yi don ƙwaya ta sha ruwa kawai ba. Mai koko da ke barin gero kwana biyu ko uku tsami take nema, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke kawo shi a hankali, a lokacinsu. Na'ura za ta iya tausasa geron da wuri, ba za ta ba kamu ɗanɗanon da mai saye ya saba da shi ba. Wanda ya taɓa shan kokon da bai kwana ba, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Saboda haka ribar fasahar ta fi karkata ga waken suya, farin wake, shinkafa da dawar tsiro, inda doguwar jira a lokacin zafi kan sa ruwa ya yi wari, kaya su lalace.

Babban cikas shi ne wuta. Jiƙon gargajiya ba ya cin ko kwabo in ban da ruwa da roba. Na'urar kuwa lantarki take sha, a ƙasar da aka mayar da kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya riga ya tsadar da janareta. Macen da ke sarrafa tiya biyu a rana ba ta da dalilin sayen sa'o'in da dare ke ba ta kyauta.

Inda lissafin zai iya fita shi ne a wurin masu injin markaɗe, waɗanda dama sun saba karɓar kuɗi a kan kowace tiya, ko kuma ƙungiyoyin mata da ke sarrafa kaya da yawa a wuri guda. Kafin wani ɗan kasuwa ya zuba jarinsa, yana buƙatar masanan Samaru su gwada na'urar a kan kaura da farfara da waken da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari, su faɗi nawa wuta za ta ci a kan kowane buhu.