RA'AYINMU: Gajeren Bututu da Tsawon Doka

Maharbi ba ya rage tsawon bututun bindigarsa, domin ya san gajarta tana rage ƙarfin harsashi, tana kuma wahalar da saiti. Wanda ya datse bututu abu guda yake nema: bindiga ta shige aljihu ko ƙugu, ta bi shi kasuwa ko ɗakin karatu ba wanda ya sani. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasashe da dama suka sanya awon inci cikin dokokinsu.

Amurka ta kafa dokarta a 1934, zamanin da 'yan fashi da masu fasa-ƙwaurin barasa suka addabi birane irin su Cikago. An ɗora harajin dala 200 da wajibcin rajista a kan bindigar farauta wadda bututunta bai kai inci 18 ba. Da farko ƙudurin ya haɗa da ƙaramar bindiga ta hannu, amma aka cire ta kafin Majalisa ta amince. Ga abin mamaki: an matsa wa mai datse doguwa don ta zama gajera, an ƙyale wadda aka ƙera gajera tun asali. An bar jaki ana dukan taiki.

Kanada ta dubi ainihin matsalar. Dokarta ta 1995 ta haramta ƙaramar bindiga mai bututun milimita 105 ko ƙasa da haka, saboda sauƙin ɓoyewa. Birtaniya kuwa sai da aka kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, sannan a 1997 ta hana farar hula mallakar kusan kowace irin ƙaramar bindiga.

Mu a Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A takarda dai mun fi Amurka tsanani. Amma doka ba ta tsare kanta. Ƙananan bindigogi ƙirar gida suna yawo a hannun 'yan fashi da 'yan ƙungiyoyin asiri na makarantu, kuma maƙerin da ya ƙera su ba ya neman lasisin kowa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, da waɗanda suka riga mu shiga aikin gwamnati, musamman a kwastan da 'yan sanda da ma'aikatar shari'a. Kada a ruɗe mu da zancen kare kai. Bindigar da aka ɓoye ba ta tsorata ɓarawo, tunda bai gan ta ba. Sai dai ta mayar da cacar baki ta zama jana'iza. A bi maƙera da masu shigo da ita, a hukunta babba kamar yadda ake hukunta yaro. Rigakafi ya fi magani.