Gadon da ba a sa masa almakashi

Ƴan uwa ƴan kasuwa, babu wanda bai san wata mangaza ba, a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, a Jibiya ko Maigatari, wadda ta yi tashe muddin mai ita yana da rai, amma kafin shekara ta zagayo da rasuwarsa an raba haja, an sayar da sikeli, an ba baƙo hayar rumfa. Kowane magaji ya ɗauki nasa ya kama gabansa, sunan da uban ya yi shekara 40 yana ginawa ya bi ruwa. Abin ya zame mana jiki har muna ganin haka Allah ya yi kasuwa. Mu kuwa a ganinmu ba dole ba ne, kuma hujjarmu a yau za mu ɗauko ta daga wata sana'a ta nesa da mu: sana'ar masu fentin labulen dandali.

Labulen dandali shi ne babban ƙyallen da ake ratayawa bayan ƴan wasan kwaikwayo, an zana masa gari ko daji ko teku, mai kallo ya ɗauka a can ake wasan. Sana'ar ta girmi sinima, kuma tun asali ta gado ce. A birnin Landan, John Henderson Grieve, wanda ya rasu a 1845, da ƴaƴansa Thomas da William, da jikansa Thomas Walford Grieve, su suka riƙa yi wa manyan gidajen wasa na Covent Garden da Drury Lane wannan aiki kusan tsawon ƙarni na 19. Da sinima ta zo, sai sana'ar ta bi ta zuwa Hollywood a ƙasar Amurka, inda gidan da muke son ba ku labarinsa yake, wato gidan Coakley.

Ƙyallen da suke aiki da shi bai zama baƙo ga masu sayar da yadi ba. Farin auduga ne, ɗan uwan akoko, sai dai faɗinsa ya wuce hankali. Fentin kuwa a da garin launi ne ake damawa da gam. A kamfanin fim na MGM, a garin Culver City, wani ɗan ƙasar Sikotland mai suna George Gibson shi ne ya shugabanci masu fenti tun ƙarshen shekarun 1930, kuma a ƙarƙashinsa aka yi labulen fim ɗin The Wizard of Oz na 1939. A ɗakin aikinsu, katakon da ake ɗaure ƙyallen a kai yana hawa yana sauka ta wata tsaga da aka yi a daɓe, don haka mai fenti yana tsaye a ƙasa, ƙyallen ne ke zuwa masa. Domin ku gane girman aikin, a 1958 hukuma ta hana Alfred Hitchcock ɗaukar wasan faɗa a kan dutsen Rushmore, wanda aka sassaƙa wa fuskokin shugabannin Amurka huɗu, sai aka zana dutsen a ƙyalle. Ɗaya daga cikin waɗannan labule ya kai yadi 30 a kwance, yadi 10 a tsaye. Turmi biyar ke nan na yadi shida-shida a jere, kafin a ƙure tsawonsa kaɗai.

A wannan ɗaki John Harold Coakley ya koyi aiki. A 1962 shi da ɗansa John Gary Coakley suka buɗe nasu kamfani mai suna J.C. Backings. Lokacin kuwa ba na buɗa shago ba ne. Telebijin ta kwashe ƴan kallo, manyan kamfanonin fim suna rage ma'aikata suna rufe sassan aiki, kamfanin Fox ma saura ƙiris fim ɗin Cleopatra ya karya shi. A 1970 MGM ta yi gwanjon tufafin wasa da kayan ƙawa da ta tara shekara da shekaru. Abin da manya suke gani tarkace mai cin wuri, uba da ɗa suka gan shi haja. Suka mallaki labulen Fox, a shekarun 1970 kuma suka karɓi na MGM fiye da 2,000, suka tare a ɗakin fentin nan na Gibson, suka zauna cikinsa fiye da shekara 40.

To, a nan dabarar take. Ba sayar da labulen suka riƙa yi ba, haya suke bayarwa. Mai shirya fim ko wasan telebijin da ke son a hango birni ta taga ba sai ya biya wata guda na aikin masu fenti ba; zai zaɓa cikin waɗanda ke ajiye, ya biya, ya mayar. Ƙyalle ɗaya sai ya ci kuɗin mutane da yawa, kuma yana nan. Amma irin wannan kasuwa ba ta tafiya sai haja tana wuri ɗaya. Mai haya yana zuwa ne don ya san duk abin da yake nema zai samu, dare ko rana, ƙauye ko birni. Da a ce an raba labulen nan kashi-kashi tsakanin magada, kowa zai tashi da tulin ƙyalle, amma babu wanda zai tashi da kasuwa. Tsintsiya ce, in aka kwance maɗaurinta ba ta shara.

Abu na biyu, ba su yi faɗa da zamani ba. Da aka fara buga manyan hotuna da na'ura, daga baya kuma da kwamfuta a kan leda, sai gidan ya ƙara su cikin hajarsa, bai ce mu ƴan buroshi ne kaka da kakanni ba. Abin da suka riƙe shi ne sanin da ke ƙarƙashin sana'ar: yadda launi ke sakewa in an haska masa fitila, da yadda za a sa nesa ta yi nisa a idon kyamara. Na'ura tana bugawa, amma ba ita ke zaɓen abin da za a buga ba. Abu na uku, da aka zo kan jikoki, ƴa mace ce, Lynne Coakley, ta hau kujerar shugabancin kamfanin. Wanda ya iya aka ba, ba a tsaya duba ko namiji ne ba.

Wani zai ce mana: ajiya ma kuɗi take ci, kuma hajar da ba ta motsi asara ce. Gaskiya ne, kuma gidan Coakley ma bai tsira daga wannan ba. Koren labulen da kwamfuta ke cikewa, da manyan allunan haske irin waɗanda aka yi wasan The Mandalorian da su a 2019, sun rage masu neman tsohon fenti. A 2017, da kamfanin zai tashi daga ɗakin MGM, sai ya tarar da tsofaffin labule da ba a cika nema ba. Amma ku dubi yadda suka rabu da su. Ba su zuba a juji ba. Sun haɗa kai da ƙungiyar masu tsara dandalin fim ta Amurka, aka warware labule 207, aka ɗauki hotonsu, aka rubuta bayaninsu, aka ba gidajen tarihi da makarantu, ciki har da Jami'ar Texas da ke Austin, inda ɗalibai ke koyo da su. A 2022 wani gidan tarihi a Boca Raton, jihar Florida, ya baje labule 22 na zamanin da, har da na dutsen Rushmore, mutane suka yi ta zuwa kallon abin da a da ba a ko rubuta sunan masu zana shi. Ke nan mai haja ne ya zauna ya tace da hankalinsa, ya san abin riƙewa da abin saki. Wannan daban yake da rabon da ake yi cikin gaggawa bayan an share makoki.

Mu ma muna da masu irin wannan sana'a. Manyanmu sun tuna labulen mai hoto, wanda aka zana wa jirgin sama ko bene ko lambu, ana tsayawa gabansa ranar Salla. Muna da masu rubuta allon shago da masu yi wa manyan motoci ado. Injin buga leda ya ci kasuwar da yawansu, ƴaƴansu sun koma wata sana'a, labulen kuma ya zama shimfiɗar shanya barkono. Da gidajen nan sun sayi injin, ko sun haɗa jari sun saya, da idon da ya san launi da hannun da ya san rubutu suna nan suna ci. Haka masu ba da hayar kujeru da rumfuna da tukwanen biki: kujera 500 a hannu ɗaya kasuwa ce, 50 a hannun mutum goma kayan ɗaki ne.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a hana kowa haƙƙinsa ba. Kowane magaji, mace da namiji, a fitar masa da rabonsa a lissafe kamar yadda aka shar'anta. Abin da muke cewa shi ne, sanin rabo daban, yayyaga shago daban. Magada suna iya yarda a ƙiyasta haja, a rubuta kason kowa, a ba wanda ya fi sanin aikin ya riƙe, a riƙa raba riba, wanda ke son fita kuma ƴan uwa su sayi kasonsa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, kamfaninsa bai rasu tare da shi ba.

Amma wannan aiki na mai rai ne. Uban da bai taɓa nuna wa ɗa ko ƴa littafin bashi ba, bai gabatar da su ga dillalansa da masu ba shi kaya ba, bai rubuta abin da ke cikin mangaza ba, shi ya fara raba shagonsa tun kafin a kira malamai. Saboda haka kiranmu gare ku shi ne, a wannan mako, bayan an tashi kasuwa, kowa ya zaunar da wanda yake ganin zai iya, ya buɗe masa littafi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya sa ta wuce mu ta kai ga jikoki.