Kula da Kayan Gida: Kare Kwamfuta Daga Rikicin Wutar Lantarki

Yau filin namu zai duba wata ɓarna da ke shiga gidaje ba sallama. Magidanci zai tara kuɗi wata da watanni ya sayo wa ƴaƴansa kwamfuta, wadda wasunmu suka fi sani da ordinater, sai wuta ta yi fizga ɗaya ta bar shi da akwati mai warin ƙuna, karatun yara da hotunan iyali duk sun tafi.

A Nijar da Kamaru da Cadi, wutar gida volt 220 ce bisa ƙa'ida, amma ba kullum take zuwa haka ba. Rikicinta iri huɗu ne. Na farko ɗaukewa kwatsam, wadda ke ɓatar da aikin da ba a adana ba, wani lokaci ma ta lalata rumbun ajiyar na'urar. Na biyu raguwar ƙarfi, wadda ta fi yawa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki ke ja gaba ɗaya. Na uku hauhawar ƙarfi, musamman sa'ad da aka dawo da wuta. Na huɗu tsawa, wadda ke biyo wayoyi da damina.

Kowace cuta da nata magani, kuma a nan ne mai saye ke ruɗewa a kasuwa. Jona mai ramuka da yawa, wadda ake ce wa multiprise, ba ta kare komai. Rarraba wuta kawai take yi. Mai kariya ita ce wadda aka rubuta wa parafoudre ko parasurtenseur. A cikinta akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ke karkatar da rarar wuta, kuma yana gajiya da kowane bugu. In fitilar kariyarta ta mutu, a sauya ta, ko da tana ba da wuta.

Raguwa da hauhawa na yau da kullum aikin régulateur ne, wanda ke daidaita ƙarfin wutar. Ɗaukewa kuwa sai onduleur, mai batir a ciki. Ba an yi shi don a ci gaba da aiki ba ne. Ƴan mintoci yake bayarwa domin a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa. A lura da lambar da ke jikinsa: mai 650 VA ba ya ɗaukar fiye da kimanin wat 390. Ya ishi kwamfuta da allonta, amma kada a jona masa firji, ko dutsen guga, ko injin buga takardu na laser. Batirinsa kan kai shekara 3 zuwa 5 a wuri mai sanyi, zafin ƙasashenmu kuwa yana rage masa kwana ƙwarai. Don haka a aje shi inda iska ke ratsawa, a riƙa gwada shi lokaci lokaci.

Sai wayar ƙasa, wato wayar nan ta uku da ke haɗe da ƙarfen da aka kafe cikin ƙasa. Gidaje da yawa ba su da ita, alhali in babu ita, kariyar da aka saya ba ta cika aikinta. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala. In an ɗauke wuta, a cire filogi, kada a mayar sai ta dawo ta zauna na ƴan mintoci. Haka ma in an tada janareta. In hadari ya haɗo, a cire wayar wuta da ta tarho da ta intanet, domin babu na'urar gida da ke tare tsawar da ta faɗo kusa. Kwamfutar da aka kawo daga Amurka, inda wuta volt 120 ce, a duba bayanta: wasu tsofaffi suna da maɓallin 115 da 230, kuma in aka bar shi a 115, jonawar farko ce ta ƙarshe.

Muhimman takardu kuwa a kwafe su a kile USB, a aje daban. Ana iya sayen sabuwar na'ura, amma abin da ke cikin tsohuwar ba a samunsa a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.